Yaran Zango da Karatun Boko: Nazarin Wani Ajin Firamare a Kumasi

Mu ɗauki aji biyu na firamare a wata makarantar gwamnati da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, a tsakanin Aboabo da Asawase cikin Kumasi. Yara sun haura hamsin, 'yan shekara bakwai zuwa tara, uku-uku a bencin da aka yi don mutum biyu. Malamar ajin 'yar Asante ce da Hukumar Ilimi ta Ghana ta turo, ta iya Twi, harshen Asante, da Turanci, Hausarta kuwa ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba. Akwai kuma mu'allimin Larabci, ɗan unguwa, wanda yake shiga ajin a nasa lokacin ya fita, ba tare da aikinsa ya taɓa haɗuwa da nata ba.

Kukan malamar a farkon shekara shi ne yaran ba sa karatu. Idan ta karanta shafi suna bi, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya ba tuntuɓe. Da ta rufe hoton da ke shafin ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi, sai a yi tsit, ko kuma wani ya faro jimlar tun daga farkonta har ya iso inda yatsan yake. Hadda suke yi, kuma sun ƙware a kanta.

Matsalar ta wuce wannan aji. Gwajin karatu na EGRA da aka yi a faɗin Ghana a 2013 da 2015 ya nuna cewa a ƙarshen aji biyu kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke karatu da sauri tare da fahimta, rabin yaran ko fiye ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Amma yaran Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi irin su Aboabo, suna da ƙarin nauyi. A 2002 gwamnati ta ce a yi koyarwa cikin Turanci zalla tun daga aji ɗaya, a 2007 aka dawo da harshen gida, sannan shirin NALAP na koyar da karatu cikin harshen gida ya shiga makarantu a shekarar karatu ta 2009/2010 da littattafai cikin harsuna 11: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa a ciki. Don haka a takarda harshen gidan yaron Aboabo Twi ne, ko da da Hausa aka yi masa tawai a goye.

Abin da aka fara bincikawa

Rajistar aji ba ta taimaka ba, domin asali da garin iyaye take nunawa. A Zango kuwa jikan Mosi, ko Kotokoli, ko Wangara, ko Dagomba yana iya tashi bai san komai ba sai Hausa, yaren kakansa sai dai ya ji idan tsofaffi na sirri. Saboda haka aka roƙi mu'allim ya yi wa kowane yaro tambaya uku da Hausa: da wane harshe kake magana da Mma, wato mahaifiyarka, a gida, da wanne kake wasa da abokanka, kuma ina ka kai a makarantar allo. Aka rubuta amsoshin a gefen sunayen.

Sannan aka gwada su ɗaya bayan ɗaya a baranda, minti 6 kowane yaro, yara 10 a rana, sauran suna kwafar rubutu a ciki. Gwajin kashi biyar ne: haruffan boko 20 a warwatse yaro ya faɗi sautinsu, gaɓoɓi 10 irin su ma, ki, su, kalmomin Twi 10 da ba a jere suke kamar a littafi ba, ɗan labari na jimla biyar da aka karanta masa da baki, sau ɗaya da Twi, wani kamarsa da Hausa, kowanne da tambaya uku, sai layi ɗaya na haruffan Larabci masu wasali waɗanda ba aya ba ne, don kada hadda ta shigo.

Kashi na ƙarshen nan shi ya sauya yadda ake kallon ajin. Yaro da ya tsaya yana kallon gaɓar "ba" a rubutun boko kamar bai taɓa ganinta ba, sai ga shi yana bin بَ بِ بُ da yatsa yana faɗa daidai, ya wuce zuwa haruffa uku a haɗe. Wato babban sirrin karatu, cewa alama tana ɗauke da sauti, kuma baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa, yana hannunsa tun tuni. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa boko ma haka yake aiki. Abin da aka ba shi a boko waƙar ABC ce, sunayen haruffa, kuma sunayen nan su suke ɓatar da shi: harafin "a" sunansa na Turanci yana kama da "e", harafin "e" ana kiransa "i", harafin "i" ana kiransa "ai". Yaron da aka ce ya haɗa "bi" da "e" ba zai taɓa isa ga "ba" ba.

Ajin ya rabu gida uku. Mafi yawa Hausa ce harshensu, suna jin Twi na wasa da na aike, sun yi nisa ko kaɗan a allo. Wasu kaɗan 'ya'yan Asante ne da Frafra da ke zaune a unguwar, Twi ɗinsu garau, ba su san haruffan Larabci ba. Sai 'yan tsiraru, sababbin zuwa daga arewacin ƙasar ko daga Nijar, masu Mampruli, Dagbani ko Zabarmanci, waɗanda Twi da Hausa duk baƙi ne a kunnensu. Wani abin lura: yaran gida na farko sukan amsa tambayoyin labarin Hausa cikin sauƙi, su yi tangal-tangal a na Twi. Iya sayen gawayi da Twi daban, bin labari mai "saboda" da "bayan haka" daban.

Jeren haruffa da gadar wasali

Shawarar da aka yanke ita ce ba za a mayar da ajin na koyon Hausa ba. Manhaja Twi da Turanci ta ce, kuma su yaran za su tarar a gaba har jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Hausa da haruffan allo za su zama matakala ne kawai. Da wannan aka zaɓi haruffan da sautinsu ɗaya ne a Hausa da Twi aka fara da su, biyu a mako: a da m, sai k da i, sai n da u, sai s da t, sannan b. Wasula uku na farko da gangan aka zaɓe su, domin su ne takwarorin fataha da kisira da rufu'a. An jinkirta e da o zuwa mako na shida, ɛ da ɔ na Twi kuma bayan su.

Sau biyu a mako mu'allim yana shigowa na minti 10 a lokacin darasin karatu. A raba allon bango biyu. Shi ya rubuta مَ مِ مُ a sama, ita ta rubuta ma mi mu a ƙasa, kowace gaɓa daidai ƙarƙashin 'yar'uwarta. Bayaninsa gajere ne, ya kuma maimaita shi har ya zauna: "A allo wasali yana hawa kan harafi ko ya shiga ƙarƙashinsa. A boko tsayawa yake a gefensa, ta hannun dama." Yaran da ba sa zuwa allo ba a tambayarsu layin sama, na ƙasa kawai suke bi, ba su yi asarar komai ba.

Nan akwai iyaka da aka kiyaye, kuma ya kamata duk mai son gwada wannan ya kiyaye ta. Ba a ɗauko aya ko sunan Allah a yi atisaye da su ba, haruffa ne tsura. Ba a rubuta haruffan Larabci a katunan da za su faɗi ƙasa a tattake ba, a allon bango kaɗai suke, mu'allim ne kuma yake gogewa. Da an yi sakaci da wannan, da magana ta kai masallaci kafin mako ya zagayo, aikin kuma ya mutu a nan.

Kayan aikin ba su ci kuɗi ba. Kwalayen taliya da na sabulu daga shagunan unguwa aka yanka murabba'i, santimita 8 kowane gefe, aka rubuta da alƙalamin maka, baƙaƙe da baƙin launi, wasula da ja. Kowane rukuni na yara shida yana da ƙunshi ɗaya cikin leda: baƙaƙe 10 kowanne biyu, wasula uku kowanne huɗu, kati 32 ke nan. A ƙasan kowane kati an ja layi, don yaro ya san ina ne ƙasa. In ba haka ba n takan koma u, a yi ta gardama a rukuni.

Sa'a ɗaya ta darasin kullum tana tafiya haka. Minti 10 na farko hira ce ko labari da baki. Minti 15 sautin ranar: a ji shi a farkon kalmomin da yara suka kawo da kowane harshe, a rubuta shi a iska, a bayan aboki, sannan a allon hannu. Minti 15 haɗa kati a rukuni. Minti 10 shifta, gaɓa biyar da kalma uku, kowa ya ɗaga allonsa sama malama ta gani a kallo ɗaya. Ragowar minti 10 karatun jimloli ne, biyu-biyu.

Da haruffa huɗu yara suna karanta mama, kaka, kama, maka. Da takwas sai ga nama, suna, kusa, tasa, ga kuma sika da nana na Twi. Da b ta shigo aka samu ɗan shafi na farko: "Ina buta? Buta na nan. Ina Kaka? Kaka na kusa." Katunan nan dai su ake juyawa zuwa Twi: ba wato zo, ma wato bayar, su wato kuka. A mako na huɗu malama ta jera kati shida a bakin allo ba ta ce komai ba: k, u, m, a, s, i. Aka fara gunguni daga benci zuwa benci, ku, ma, si, kafin wata yarinya ta miƙe ta ce, "Madam, Kumasi!" Kalmar da suke gani a goshin motocin haya kullum, ranar suka fara karanta ta.

Inda aka yi tuntuɓe

Na farko hanyar rubutu. Yaro ya haɗa ma da ki ya karanta kima, domin idonsa ya saba farawa daga dama. Aka sa ɗigon kore a kusurwar hagu ta kowane allon hannu da kowane shafi, kuma kafin a fara karatu kowa ya ɗora yatsa a kai. Dole a yi wannan kullum na makonni, daina shi da wuri yana dawo da matsalar. Haka b da d: a Larabci ɗigo ne ke raba haruffa masu kama da juna, a boko kuwa inda ciki ya fuskanta ne. An bar tazarar wata guda tsakaninsu, b ta zauna sosai kafin d ta shigo.

Na biyu ya fi wuya, shi ne sautuka da harsunan uku ke rubutawa daban-daban. Sautin farkon "ci" Hausa tana rubuta shi c, Twi tana rubuta ky, Turanci ch, shi kuma c na Turanci k ne ko s. Sautin farkon "ja" a Twi gy ne, mai kama da na "sha" kuma hy. Haruffan Twi 22 ne, babu c, j, q, v, x da z a cikinsu. Da farko malamar takan rubuta kalmomin Hausa da ƙa'idar Twi, mu'allim ya zo ya rubuta su da wata, yara suka rikice. Maganin shi ne aka janye duk kalmar da ke da waɗannan sautuka daga shafukan Hausa har zuwa zangon karatu na biyu. Sannan aka manna jadawali mai gida uku a bango, kowane harshe da launinsa, ana ƙara layi ɗaya a mako. Allunan masu abinci a bakin titi sun taimaka a nan, domin kowane yaro ya san waakye, wato shinkafa da wake, kuma da zarar ya ga ky a cikinta ya san me take cewa.

Akwai kuma batun wace Hausa. Hausar Kumasi ba ta Kano ba ce. Yara da yawa ba sa bambanta ƙ da k ko ɗ da d, kuma "Mma ya tafi kasuwa" magana ce daidai a bakinsu. Wani ya kawo tsohon littafin firamare daga Nijeriya da kyakkyawar niyya, amma bai yi aiki ba: kalmomi da yawa baƙi ne, haruffa masu lanƙwasa kuma sun zama ƙarin kaya. Ra'ayinmu a nan a fili yake. Yaron da ake so ya taka harshensa ya hau, ba a fara da gaya masa cewa harshen nasa gurgu ne. Abin da ya faɗa shi ake rubutawa. Daidaitacciyar Hausa tana da ranarta ga wanda ya so ta, kuma zai same ta da sauƙi idan ya riga ya iya karatu.

Na uku shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa. Yaran allo sun yi saurin iya furta abin da ke rubuce, har da kalmomin Twi da Turanci da ba su san ma'anarsu ba, kuma ba su ga wani abin damuwa a hakan ba. Dalili a bayyane yake: a matakin farko na allo gyara furuci da kiyaye lafazi ake nema, fassara tana zuwa ne daga baya a makarantar ilimi. Tsari ne mai hikimarsa a wurinsa. Amma idan aka kawo shi darasin boko sai a samu yaro mai zuba karatu kamar ruwa, a tambaye shi wa ya sayi kifin ya yi shiru. Saboda haka aka kafa doka: ba a wuce jimla sai an yi tambaya a kanta, kuma yaro yana da izinin amsawa da duk harshen da ya fi masa sauƙi. Idan ya amsa da Hausa, abokin zamansa ya mayar da Twi, malama ta maimaita da Twi ko Turanci cikakke, ajin ya faɗa. Ta haka ita ma ta tara jimlolin aji kusan 30 na Hausa a bayan littafin shirinta: ku saurara, sake faɗa, me ya faru, don me.

Abin karantawa

Littattafan da ke akwai ba su isa kowa ba, kuma duniyar cikinsu ba ta cika kama da lungun Zango ba. Ranar Alhamis sai aka mayar da minti 10 na farko zuwa 20, yara su ba da labari, a rubuta jimla biyar ko shida a babbar takarda: aiken sayen koko da ƙosai da safe, ranar suna a gidansu, yadda aka ɓace wa Mma a kasuwar Kejetia, ragon layya da ya tsinke. Mako ɗaya da Hausa da taimakon mu'allim, mako na gaba da Twi. A karanta tare, a yanka jimlolin, a gauraya, rukuni ya sake jera su. Yankawar nan ita ke kashe hadda, domin wanda bai duba kalma ba ba zai san inda za ta zauna ba.

Tatsuniya ta ba da wata ƙofa. Gizo na Hausa da Ananse na Asante duk gizo-gizo ne mai wayo da haɗama, kuma yara da kansu suka gano haka. Aka riƙa ba su aikin gida su roƙi kaka ta yi musu tatsuniya, washegari a buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a kwatanta da ta Ananse: wa ya fi wayo, me ya ja masa, da kai ne me za ka yi. Tambayoyin fahimta ke nan tsantsa, irin waɗanda za a yi musu da Turanci nan gaba.

Sai dai an kusa maimaita laifin da ake gyarawa. Hausa ta fara cika ajin, sababbin zuwan nan masu Mampruli da Zabarmanci suka ƙara lafewa a baya. Aka nemo musu 'yan aji biyar da shida masu jin harshensu, su zauna da su minti 15 bayan an ci abincin makaranta, sau uku a mako. A bangon kalmomi kuma kowane hoto, kifi ne ko ruwa ko gida, aka bar masa gurbi a ƙasa don duk harshen da ke ajin, yaron da ya kawo kalmar shi ke koya wa sauran furucinta.

Iyaye da masu duba makaranta

Ƙorafi ya zo, kamar yadda aka zata. Wani uba ya tari mu'allim bayan sallar Magariba: "Malam, Turanci muka kai su su koya. Hausa ai akwai ta a gida." Dogon bayani ba ya kashe irin wannan magana. A taron iyaye aka kira yara uku, aka rubuta kalmomin Turanci da ba a taɓa koya musu ba, irin su sit da man, suka bi sauti suka karanta. Aka ce wa iyaye: da "buta" da "nama" suka koyi wannan. Aikin da aka roƙa a gida kaɗan ne, domin yawancin iyaye mata suna kasuwa tun asuba, yara kuma suna da allo da yamma ko Asabar da Lahadi: yaro ya karanta wa wani babba katinsa na minti biyar, ko da babban bai iya boko ba, ya tambaye shi me takardar ta ce.

Jami'in da ke zagayen duba makarantu shi ma zai iya tambaya, tun da Hausa ba ta cikin jerin harsunan makaranta. A littafin shirin darasi an rubuta burin kowace rana kamar yadda manhajar 2019 ta tsara shi na Twi da Turanci, aka nuna Hausa a matsayin hanyar bayani. Gaskiyar abin da ake yi ke nan.

Shiga Turanci da abin da ya rage

Turanci da baki yana tafiya tun ranar farko, amma karanta shi ta hanyar sauti sai a zango na biyu aka fara, da gajerun kalmomi masu harafi uku. Wurare biyu ne ke ba da wahala. Hausa da Twi duk ba su cika son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma ba, shi ya sa muke cewa burodi maimakon bread, Asante ke cewa sukuu maimakon school. Yaro zai karanta stop ya ce sitopu. Sannan p da f sukan cakuɗe a bakin mai Hausa. Marafan kwalba suka yi aiki a nan: marfi ɗaya ga kowane sauti, yaro ya tura su ɗaya-ɗaya yana furtawa, ya ga da idonsa cewa huɗu ne, babu na biyar.

Da aka maimaita gwajin a ƙarshen zango na biyu da sababbin kalmomi, yaran Hausa masu zuwa allo su suka fi kowa matsawa a haɗa gaɓa da karanta kalmar da ba su taɓa gani ba, 'ya'yan Asante suna biye, sun kuma fi su fahimtar shafin Twi. Sababbin zuwa sun iya furtawa, fahimta tana baya. Waɗanda ba su motsa ba yawanci masu yawan fashi ne, musamman 'yan mata da ake tsayarwa talla ko reno, kuma wannan ba kati ne zai gyara shi ba, sai an je gida an zauna da iyaye. Fahimtar labarin Turanci har yanzu rarrauna ce a ajin gaba ɗaya, domin tara kalmomin sabon harshe aikin shekaru ne.

Abu biyu ne za su iya rusa abin da aka gina. Mu'allimai da yawa a irin waɗannan makarantu ba sa cikin jerin albashin gwamnati, minti 20 da wannan yake bayarwa a mako kyauta ce, kuma ba a dogara da kyauta har abada; kwamitin makaranta ya kamata ya sa shi cikin jadawali ya kuma nema masa wani abu. Sannan malamin aji uku bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. An shirya a miƙa masa takardar harsunan yaran, sakamakon gwaji biyun, jadawalin bango da ledojin kati, kuma a ware zama biyu na taron malamai na mako-mako don ya ga yadda ake darasin tun kafin a tafi dogon hutu.